Doya Sai Gobe

Babu wanda bai san sunan da dangin babanku suke yi min tsiya da shi ba: Doya-sai-gobe. Kun tashi kun ji shi, kun yi dariya, har ke Asabe kin taɓa kirana da shi kina ƙarama na make miki baki. Labarin da aka ba ku shi ne an aike ni kasuwa sayen doyar suna, na shantake a garinmu ina hira, ban dawo ba sai da aka watse. Rabinsa gaskiya ne. Sauran rabin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai babanku, shi kuma ya tafi da shi kabari. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, ga takarda ga biro, kuma ba mai katse ni da tambaya, bari in ba ku shi yadda ya faru. Ke kuma Maryam, da kika ce min a bakin shagon nan na Gwarinpa in daina ɗora kaya a kafaɗa don mutane na kallo, ki karanta a hankali. Rabonki ya fi na kowa yawa a ciki.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Muna zaune a Abuja, ba wannan da kuka sani ba, waccan ta asali da ake ce wa Suleja yanzu. Inda kuke zaune a yau, a lokacin duk gonakin doya ne da dawa da duwatsu. Shekarata biyar ke nan a gidan babanku, kuma a cikin biyar ɗin nan ban taka ƙauyenmu ba ko sau ɗaya, alhali yana nan bayan Kuje, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ba wanda ya yi min dole na auri babanku. Ya zo kasuwarmu da keken ɗinkinsa, na gan shi, na so shi, na bi addininsa da zuciya ɗaya, Lami ta koma Hajara. Iya, mahaifiyata, ba ta hana ba. Ranar da zan tafi abu ɗaya tak ta roƙe ni. Mu da Hausawa ke ce wa Gwari, mu kuma muke ce wa kanmu Gbagyi, matanmu ba sa ɗora kaya a ka. Itace ne, tulu ne, doya ce, duk a doron kafaɗa ake ɗauka, kusa da wuya, hannu ɗaya na tallafe. Ta dafa min tsakar kai ta ce da yarenmu:

"Wannan shi ne sarkin jiki. Shi ke tunani, shi ke neman miki hanya. Ba a mai da sarki jaki. Ki yi sallarsu, ki ci tuwonsu, amma kada ki ɗora wa kanki kaya."

Na yi mata alkawari, kuma bai yi wata huɗu ba na karya shi. Duk ranar da na dawo daga rijiya da tulu a kafaɗa, matan unguwa sai sun leƙo ta katanga suna kiran juna su zo su ga Bagwariya. Ba mugunta ba ce, abin dariya suka gani, amma ni yarinya ce kuma baƙuwa. Idan ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Na koyi naɗa gammo, na koyi tafiya da wuya a miƙe, har na fi wasunsu iyawa. Daga nan kunyar Iya ta kama ni, kullum ina cewa sai bayan kaka zan je. Sai ga rasuwar mahaifina, ta same ni da kwana tara da haihuwar Sani, ina cikin wankan jego, aka ce ba inda zan fita. Bayan arba'in aka kawo min saƙon Iya: wadda ba ta zo binne ubanta ba ta riƙe gaisuwarta. Na riƙe kuwa, shekara biyu, saboda ni ma 'yar uwata ce wajen taurin kai.

To, a daminar shekarar nan ƙanwar babanku ta haihu a gidanmu, ɗan fari, namiji. Kakarku ta wajen uba, Gwaggo Yalwa, ta ce ba tuwo za a ci a sunan jikanta ba, sakwara za a daka da sabuwar doya, a san an yi suna. Ana gobe suna ya zo daidai da ranar kasuwar Kuje, inda doya ta fi kyau da araha. Ta kira ni da asuba.

"Hajara, ke kika san doya, ke kika san bakinsu. Ki je ki zaɓo min mai kyau. Amma ki ji ni da kyau, doyar nan ta kwana a gidan nan. Na riga na gaya wa mutane."

"In sha Allahu, Gwaggo."

"Ban ce ki biya ko'ina ba."

Ta san inda ba ta ce in biya ba, ni ma na sani. Ina fita zaure babanku ya biyo ni, ya cusa min wani ƙunshi a hannu ba tare da ya dube ni ba. Riga ce ya ɗinka da ragowar atamfa, mai faɗin wuya, irin ta tsofaffi. Ya ce a hankali:

"In hanya ta bi da ke. In ba ta bi ba, ki dawo da ita."

Motar babba ce mai bodin katako, mu da buhuna da awaki. Muka bi ta Zuba, muka sauka Gwagwalada, muka karkata zuwa Kuje a kan hanyar da ruwa ya cinye rabinta. A mashigin kogi sai da maza suka sauka suka tura. Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Direban wani dattijo ne mara fara'a, ya tsaya a kan taya ya yi mana magana gaba ɗaya:

"Ana kiran la'asar zan tayar. Kun ga hadarin can, kun ga kogin da muka wuce. Ko uwata ce ta makara, sai dai ta kwana."

Na shiga layin 'yan doya da sauri. Na ƙwanƙwasa, na duba gindi, na karce da farce, na ware wadda aka tona da wuri ba ta nuna ba. Kafin azahar na haɗa tuli biyu masu kyau, na ƙara da manja da barkono, aka loda a mota, na nuna wa direba ya gani da idonsa. Aikin Gwaggo ya ƙare. Da na zauna a inuwar mota na sha furar wata Bafulatana na jira la'asar, da yau ba ni da wani suna sai Hajara. Amma sai na bi ta layin masu tukwane, wai ina neman kasko, alhali na san wadda nake nema. Talatu, matar yayana, tana zaune a bayan tukwanenta. Ta dube ni tun daga ƙafa har ɗankwali kafin ta amsa gaisuwata.

"Iya fa?" na tambaya.

"Tana nan. Idon ne ya tafi."

"Wane ido?"

"Duka biyun. Tun bara. Ba ki ji ba? To wa zai gaya miki?" Ta juya wata tukunya ta goge mata ƙura. "Abinci ma ta rage. In kina da abin faɗa mata, kada ki ce sai kaka."

Na duba inuwata, tana ƙarƙashin ƙafata. Daga kasuwa zuwa ƙauyenmu tafiyar awa guda ce ga mai sauri. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, saura ɗan abin da za a gaisa a sha ruwa. Na ce zai yiwu. Na yi salla a gurguje a bayan wata rumfa, na sayi gishiri da kananzir da sabulu da busasshen kifi da ƙullin tabar da take so, na zuba a darona tare da rigar. Na naɗa gammo, na ɗora a ka, na kama hanya. Wallahi ban san na yi ba. Sabo turken wawa. Tun daga kasuwa har na wuce gonaki, hankalina yana kan rana da abin da zan ce mata, ban ji komai a kaina ba.

A rafin bakin gari na tarar da mata suna wanki suna hira. Suna ganina hirar ta mutu. Na gaishe su da yarenmu, ba wadda ta amsa, duk sun zuba wa saman kaina ido. Wata tsohuwa da ta yi min wanka ranar da aka haife ni ta miƙe tsaye, ta ce:

"Lami ce wannan? Da kaya a ka?"

Sai a lokacin na ji nauyin daron. Na sauke shi kamar garwashi ne, na cusa gammon a zani, na ɗora a kafaɗa. Ya zame. Na sake ɗorawa ya sake zamewa, kwalbar kananzir ta kusa fashewa. Ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Na rungume daron a ƙirji na haura tudu, amma na riga na ga wata daga cikinsu ta yanke ta cikin dawa ta yi gaba. Labari ya riga ni isa gida.

Ƙofar zauren gidanmu gajera ce, sai ka sunkuya. Na shiga na same ta zaune a gindin rumbu, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, idanun a buɗe amma sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu, yadda ɗiya ke gai da uwa. Ba ta daina ɓara ba. Da ta buɗe baki, da Hausa ta amsa min, 'yar Hausarta ta kasuwa da take yi wa fatake masu sayen doya.

"Sannu baƙo. Kai ya fito ina?"

"Iya, ni ce. Lami ce."

"An ce wani Bahausa ya zo da kaya a kai. To, sannu. Mai gida ba shi nan, ya mutu."

Na yi kuka, na ce jego ne ya hana ni, na ce kunya ce, na ce ta yafe min. Na fito da gishiri da taba na ajiye a gabanta, na ɗora mata rigar a cinya. Ta ture su gefe da bayan hannu. Sai ta ce in matso. Na matsa da murna, ina zaton fuskata za ta shafa. Hannunta ya wuce fuskata, ya shiga wuyan rigata, ya sauka a doron kafaɗata ta hagu. Kowace mace a garinmu tana da wani wuri a nan inda fata ta yi tauri ta yi baƙi saboda ɗaukar kaya tun ƙuruciya. Ta lalluba, ta danna, ta koma dama ta lalluba. Shekara biyar na gammo da man shafawa sun goge nawa sumul. Ta janye hannunta ta goge a zani.

"Yaro na yana da alama a nan," in ji ta, har yanzu da Hausa. "Wannan ba shi da. Kai ya ɓata hanya, baƙo."

Ta koma ɓarar gyaɗarta. Na zauna a ƙasa ban san abin yi ba. Inuwar rumbu ta fara tsawo, gabas ta yi baƙi ƙirin. In na tashi a lokacin, zan isa mota da sauran lokaci. Ina wannan tunani ta miƙa hannu ta laluɓi moɗa, ta rarrafa zuwa randa. Na ji moɗar ta kankari gindin randa. Babu ruwa. Talatu ta yi sammakon kasuwa ba ta ɗebo ba. Iya ta lashi leɓe ta koma mazauninta.

Na ɗauki tulun da ke jingine na fita. Randar gidanmu tulu huɗu take ci, tun ina yarinya ni ke cika ta. A rafi matan nan suna nan, suka matsa min. Na cika tulu, na durƙusa, na ɗaga shi zuwa kafaɗa. Na manta yadda tulu yake da nauyi. Gindinsa mai kaushi ya zauna min a kan ƙashi, ruwa na zuba ta bayana. Gammon yana nan a zanina, kuma tsakanin rafi da gida akwai inda dawa ta rufe hanya, ba mai ganina. Shaiɗan ya ce min makauniya ce, ina za ta sani? Amma na san za ta sani. Mai kaya a ka dole ta tsaya a ƙofar zauren nan ta sauke kafin ta shiga. Mai kaya a kafaɗa sunkuyawa kawai za ta yi ta wuce. Da na iso na ga ta daina ɓara, ta karkata kunne wajen ƙofa. Na sunkuya na wuce ban tsaya ba, na juye a randa. Rabin tulu ne ya iso.

Na koma. A zuwa na biyu fatar ta saluɓe, na ji zafin har cikin haƙorana. Na juye, na tsaya a tsakar gida ina haki, na dubi sama. Iska ta fara kaɗa ganyen dawa. Na san in ban tafi yanzu da gudu ba, mota ta tafi. Na ga fuskar Gwaggo Yalwa, na ga matan da ta gayyata suna zuwa da turame da taɓare ba abin dakawa, na ga babanku yana sunkuyar da kai a gaban mutane, matarsa ta kwana a waje ba wanda ya san inda take. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba, don a lokacin ana sakin mace a kan abin da bai kai wannan ba, ga ku biyu ƙanana a gida. Na dubi Iya. Ta ɗebi ruwan ba ta sha ba, tana riƙe da moɗar, kunnenta na wajena. Taura biyu ba ta taunuwa. Na sunkuya na ɗauki tulun.

Sau biyar na je maimakon huɗu, saboda zubar da nake yi. A na ƙarshe an fara yayyafi, matan rafi duk sun watse sai tsohuwar nan, ita ta taimaka ta ɗora min. Na juye, ruwa ya kawo bakin randa har ya tumbatsa. Na zube a gefe. Iya ta sa yatsa a randa ta ji inda ruwa ya tsaya. Ta sha, ta sha sosai. Sannan ta laluɓo ni, ta sa hannu a wuyan rigata. Na cije baki. Ta ɗago yatsunta ta murza, ta kai hanci ta shinshina, ta gane ba ruwa ba ne. Sai ta ce, da yarenmu:

"Lami, haka na koya miki? Wa ke ɗora tulu a kan ƙashi? A kan nama ake ɗorawa, sakarya."

Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na kifa kaina a cinyarta na yi kuka kamar za a zare min rai, ita kuma tana ta faɗa, wai na yi ƙiba, wai ina warin man Hausawa. Ta sa na ɗauko man kaɗanya ta shafa min a ciwon da hannunta. Ta buɗe ƙullin gishiri ta ɗanɗana, ta ce na bara ya fi. Ta sa rigar a bai-bai ta ƙi yarda in gyara mata. Ta tambayi sunayenku, ta maimaita su har sau uku. Ruwa kuwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, la'asar ta wuce, ban ko yi zancen mota ba.

Washegari da sassafe ta sa aka ɗauko doya uku daga nata rumbun, ta ɗaure su da igiya da kanta, ta ɗora min a kafaɗar dama, ta gyara zamansu. Ta ce in na gaji in huta, kada in yi wayo. Na taka har Gwagwalada kafin in sami mota. Na shiga gida bayan azahar, an yanka rago tun da safe, baƙi sun ci tuwon dawa da aka tuƙa a gurguje, wasu har sun fara tafiya. Direba ya sauke doyar a tasha cikin ruwa ba mai karɓa, kafin gari ya waye an yi gaba da fiye da rabi. Na ratsa tsakiyar mata da laka har gwiwa, da doya uku a kafaɗa. Gwaggo Yalwa ta dube ni, ta dubi doyar, ta ce a gaban kowa:

"Sannu da zuwa, Doya-sai-gobe."

Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Kada ku riƙe ta da wannan, tana da gaskiya. Ta ba ni amana, na kunyata ta a gaban mutanen da ta gayyata, kuma ban ba ta dalili ba, don ban ga yadda zan ce wa surukata randar uwata ta fi sunan jikanta ba. Babanku ya sha magana a kaina har daga kawunansa, wasu suka ce ya mai da ni inda na fito. Ya ga kafaɗata a ranar, ya tambaye ni ko rigar ta yi mata daidai, bai ƙara ba. Sunan kuwa ya bi ni har tsufa, ban taɓa musa shi ba.

Iya ta rasu kafin a yanke dawar shekarar nan. Wannan karon na je binne ta, da rigar aka same ta, a bai-bai. Tun daga ranar nan ban sake naɗa gammo ba. Matan unguwa suka yi dariyarsu suka gaji, fatar ta warke, ta yi tauri, ta yi baƙi kamar da. Maryam, ke da Asabe ku za ku yi min wanka in lokaci ya yi. Za ku ga wurin a kafaɗar hagu, kusa da wuya. Kada ku tsaya gogewa, ba datti ba ne. Da shi za ta gane ni.